Kirarin Gawar Matar Hedimasta

Shekara talatin Baba Medupin ya yi yana hedimasta a Isanlu, kuma a cikinsu babu yaron da ya yi Yagbanci, yaren garin, a harabar makarantarsa ya koma gida da lafiyayyun ɗuwawu. Turanci ko Yarbancin littafi, in ji shi. Sauran duk yaren gona ne.

Ranar Laraba matarsa Omolewa ta rasu. Abu ɗaya ta roƙa: kada a fita da gawarta sai an yi mata kirarin gidan ubanta da Yagbanci, don kakanninta su gane ta. 'Ya'yansu uku sun iso daga Legas da akwati mai tsada da mai ɗaukar hoto. Kirari kam ba a sayar da shi a Legas.

Tsofaffin matan da suka iya sun riga ta tafiya. Aka ce ya gwada Aduke mai sayar da garin rogo, jikar wadda ta fi kowa iyawa a da. Ya je da kansa, yana dogara sanda.

"Okun, Baba Hedimasta," in ji Aduke, ta gaishe shi da Yagbanci, ba ta ko tashi ba. "Yau ba bulala?"

"'Yata, uwarki ce a kwance. Ki zo ki yi mata kirari."

"Ni? Ranar da kakata ta fara koya mini, na je aji ina rerawa. Bulala goma sha biyu ka ba ni, Baba, har da ƙirgawa da Turanci. Ka iya aikinka. Ko baiti ɗaya bai saura ba."

Ya koma gida. Masu ɗaukar akwati suna jira, fasto yana duba agogo. Baba Medupin ya tsaya a kan gawar, ya buɗe baki, ya yi abin da mata kaɗai ke yi. Ya taɓa jin kirarin ranar aurensu, shekara hamsin da suka wuce. Ya ja baiti huɗu, sannan ya kakare a sunan kakanta na uku.

Ya dubi jama'a ko wani zai ɗora masa. Kusan dukansu ɗalibansa ne. Sun tsaya tsit, da ladabi, kamar yadda ya koya musu.

Babban ɗansa ya matso ya raɗa masa da Turanci: "Ya yi kyau, Baba. An gama?"

Ya gyaɗa kai. Aka ɗauke ta haka nan.