Taku Talatin daga Dogo

Malam Barau yana tsugune yana shafa wa makullin layin dogo baƙin mai, ƙasa kuwa ta sha ruwan shuka tun asuba. Aikin banza ne, shi ma ya sani. Wata huɗu ke nan da rufe 'yar tashar tasu ta ƙasar Faskari, inda reshen ɗaukar auduga ya rabu da babban layi. Kuɗin fetur ya kawo kwalta, manyan motoci suka kwashe kaya da fasinja, shi kuma aka sallame shi da takardar godiya.

Damuwarsa ɗaya ce: ga damina, ba gona. Ta gado ya bar wa ƙannensa a Pauwa tun da ya sa kaki, kuma bakinsa ba zai iya roƙonta ba.

"Ga fili har ƙofar gida," in ji matarsa Hajaratu. "Ko ƙarhen dogo za mu tuƙa bana?"

"Na hukuma ne."

Doka ta ce taku talatin daga dogo ba a shuka. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tsaronta kamar shi ya haife ta. Har dawar maƙwabcinsa Ɗanhausa ya taɓa tumɓukewa, kunya uku, bayan ta kai gwiwa. Tun ranar, gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Da hantsi sai ga Ɗanhausa da sungumi da ƙwaryar iri. Barau ya ce a ransa yau ranar ramuwa ce, ba kaki ba usur. Mutumin ya sa diddige a jikin ƙarfe, ya dinga takawa yana ƙirgawa da ƙarfi, yadda Barau ya saba yi masa. A na talatin ya kafa sungumi.

"Daga nan zuwa yamma nawa ne, Malam. Ban ƙetare ba."

"Na gani."

"Zuwa dogo kuwa, mun zauna da mutanen gari, ba mai taɓawa sai kai." Ya damƙo ƙasar, baƙa wuluk. "Shekara ashirin da biyu tana hutawa. Ashe kanka kake ma tsaro."

Ya dire ƙwaryar ya tafi.

Nauyi ya kama Barau. Daga bisani ya rataye hular aiki a kan makullin, ya zare sungumin ya fara sara, Hajaratu na biye tana zuba iri. Da suka kusa iyaka, sai ya tsallake wurin kunya uku.

"Nan fa?" ta tambaya.

"Da mai shi," in ji Barau.