Gefen da Ba a Jifa

Shekara shida Lavon Pettiford yana tsaron gefen hagu a ƙwallon Amurka, wasan da ake jifa da cafe ƙwallo da hannu, shekara shida kuma ana zura wa ƙungiyarsu maki kamar ana zuba ruwa a kwando. Abin haushin, babu wanda ya damu. A lallasa su ranar Lahadi, ranar Litinin a taru a ɗakin bidiyo ana hamma, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce alƙalin wasa ne, a watse a tafi cin gasasshen haƙarƙari. A cikin wannan lalacewar Lavon ne gwani. Sunansa ne a bayan rigunan yaran gari.

Da masu ƙungiya suka gaji, sai suka ɗauko Quinton Mabry, tauraron masu tsaron gefe, suka ajiye shi a dama.

Mabry kan manne wa gwanin cafe ƙwallo na kowace ƙungiya kamar kaska, har masu jifa suka daina ko kallon wajensa. Da yake mutum ɗaya ya rufe rabin fili, Koci Hollis ya samu rarar mutane. Ya ƙara masu afka wa mai jifa, sannan ya ɗauko Tevita, mai tsaron can baya, ya ajiye shi a bayan Lavon. Cikin mako biyar makin da ake ci musu ya ragu da rabi.

Kowa na murna, ban da Lavon. Duk jifan da aka ji tsoron kaiwa dama, hagu ake kawo shi. Shi ne ke gudu, shi ne ke shan ƙasa, shi ake nunawa a talabijin idan an wuce shi. Mabry kuwa yakan fita fili da farin wando ya dawo da shi fari fat, amma sunansa ake rerawa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne an bar Mabry shi kaɗai, shi kuma an ba shi mai raino.

"Tsoho, yau ma in zo da zanen goyo?" in ji Tevita, suna ɗaure takalma.

"Rufe mana baki, ƙaton banza. Kafin ka iya ɗaura kwalkwali nake tsare gefen nan ni kaɗai."

"Shi ya sa ake cinmu arba'in-arba'in."

Aka kwashe da dariya. Koci Hollis, da ke wucewa, bai yi ba.

"Pettiford, ka bi mutuminka taku goma, ka miƙa wa Tevita, ka dawo ka tsare gabanka. Na faɗa sau uku. Wanda ya bar tsarina, benci na jiransa, ko shekararsa nawa a nan."

"Na ji, Koci."

Ranar Lahadi da la'asar suna gaba da maki huɗu, saura daƙiƙa hamsin, abokan hamayya na kan damarsu ta ƙarshe. 'Yan kallo dubu sittin suka miƙe, kuma abin da suke rerawa ɗaya ne: Mabry, Mabry. Lavon ya dubi dama. Ga mutumin can tsaye yana gyara safar hannu, kamar mai jiran bas.

Aka saki ƙwallo. Mutumin Lavon ya zabura, dogon yaro mai gudu kamar barewa. Taku biyar, taku takwas, goma.

"Sake min shi!" Tevita ya daka tsawa. "Nawa ne! Koma!"

Lavon ya ji. Ya ƙi. Ya manne wa yaron kafaɗa da kafaɗa, yaro ya yi kamar zai karya ciki, Lavon bai ruɗu ba, ya karya waje, Lavon na nan. Tun da yake wasa bai taɓa rufe mutum haka ba. Har ƙarshen fili ya kai shi, sannan ya waiwaya, hannu a sama, yana jiran ƙwallon da zai tsinke a gaban kowa.

Ba a jefo ba. Wurin da ya bari fayau, can aka ɗan cilla wa wani gajere da ya sulalo daga baya. Gajeren ya cafe, ya duba bai ga kowa ba, ya ruga har layin cin maki. Maki shida, aka cinye su Lavon.

Ranar Litinin a ɗakin bidiyo Koci Hollis ya tsayar da hoton daidai inda mutum biyu ke bin mutum ɗaya. Ya zagaye filin da ba kowa da jan haske.

"Koci," in ji Lavon, "ka dai ga yadda na rufe shi."

"Na gani. Ya yi kyau ƙwarai. Ranar Lahadi sabon yaron nan Ruiz ne zai fara a hagu."

Ya wuce hoto na gaba.

Da aka tashi, Lavon bai motsa daga kujerarsa ba. Mabry ya tsaya a kansa, riƙe da kofin kofi.

"Ɗan'uwa, sau shida na kalli abin nan a gida. Ƙafafunka sun fi nawa a wannan gudun, ba wasa nake ba."

Lavon ya ɗaga kai. Ya binciki fuskar yana neman alamar izgili, don ya samu abin riƙewa. Babu. Da gaske mutumin yake, kuma wannan ya fi zagi zafi.

"Wa ya tambaye ka?" ya ce.

Mabry ya ɗaga kafaɗa ya fita. Ta ƙofar da aka bari a buɗe, Lavon na jin Tevita yana koya wa Ruiz inda zai saki mutum a taku na goma.