Ƙetaren Gada

A birnin Brussels ba a bai wa mai saƙar leshi zane sukutum. Ina! Masu kaya ba su yarda da kowa ba. Yayyanka zanen suke yi, wannan a ba ta fure, waccan tsuntsu, don kada wata ta kwashe ta kai wa ɗan kasuwar gaba. Rabon Livina tun tana budurwa shi ne wani ɗan mutumin Sin mai kitso ɗaya da laima, ƙafarsa a kan gada. Rabin gada ma, domin daga nan takardarta ta ƙare.

A ɗakin ƙarƙashin ƙasa take aiki, saboda zaren ya fi gashi siranta, busasshiyar iska tsinka shi take yi. Danshi ya ci mata gwiwoyi, duhu ya ci idanu. Kaf unguwar ba wanda ya taɓa taka Sin, shi kansa mai zanen an ce a jikin butar shayi ya gani. Amma ita ta riga ta gina wa mutumin nata ƙetare a ranta, fili fetal da rana da iska. Da wannan take haɗiye burodi da miyar kabeji.

Da hunturu ya kama, sai ta ga da yatsa take laluben allurai. Tsoro ya shige ta, kada hasken idonta ya ɗauke ba ta ga inda gadar ta sauka ba.

Ranar Lahadi bayan coci ta tare Walburga, 'yar goggonta, wadda ke haɗe guntayen su zama leshi guda.

"Yaya, ki nuna mini leshin sukutum, ko sau ɗaya."

"Mijin naki mai kitso ne ya hana ki barci?" in ji Walburga. "Uwar ɗakinmu ta ji, ni da ke duk titi."

"Sata zan yi? Da wane idon?"

Dariyar Walburga ta tsaya. Ta kai ta ɗakinta, ta sa sakata, ta shimfiɗa leshin a kan baƙin ƙyalle a bakin taga.

Wayyo, an makara. Fari kawai Livina ta gani, kamar madarar da ta zube. Sai ta sa yatsa. Ga kitson, ga laimar, ta gane hannunta. Ta bi gadar a hankali. Gadar ta shige bayan furen da wata ta saƙa. Ta tsallake furen, ta ci karo da ƙafa, da kitso, da laima. Ta ƙara gaba, shi ne dai, har bakin leshin.

"Ina ɗaya rabin?"

"Babu," in ji Walburga. "Ba a taɓa zana shi ba. Furen nake rufe wurin da shi."

"Kin sani, kika bar ni?"

"To in ce miki me? Shi ne ke saukar da ke ramin nan kullum ba kuka."

Livina ta ji kamar ta yaga shi, amma aikinta ne, hannun ya ƙi.

Ranar Litinin ta sauka matakala tana dafa bango, ta zauna, ta kafa allurai. Ba ta ko matsa kusa da 'yar tagar ɗakin ba. Yatsunta sun san hanya, har zuwa rabin gada.