Lambobin da Suka Goce a Babi na Biyu

Mushe Siddo yana tsakiyar darasi a lise, makarantar sakandare ta Gaya, sai wata ɗaliba mai suna Aisata ta ɗaga hannu.

"Mushe, littafin ya ce a yi aiki da lissafi mai lamba (2.5), amma (2.5) ba shi da alaƙa da tambayar."

Ya karɓi littafin. Shi ya rubuta shi, don 'yan ajin ƙarshe masu shirin jarrabawar bak. Ya duba, ya sake dubawa. Abin da ya sani a matsayin (2.5) ya koma (2.7), kuma duk na bayansa sun goce. A tsakiya ga wasu lissafai biyu da bai taɓa rubutawa ba.

Bai jira an tashi ba. Ya hau moto ya nufi shagon Hasana, wadda ta buga masa littafin a ordinata, wato kwamfuta, kusa da kasuwa.

"Wa ya taɓa mini aiki?" Ko sallama bai yi ba.

Hasana ta ɗago. "Mushe Cha'ibu ne. Ya ce kai ka aiko shi a ƙara biyu."

Cha'ibu abokin aikinsa ne, tebur ɗaya suke shan shayi.

"Ni? Kuma ba ki kira ni ba?" in ji Siddo. " To ya aka yi komai ya birkice?"

"Lambobin da ke gefen dama da kansu suke jeruwa, in an ƙara ɗaya sauran su matsa. Na cikin bayani kuwa da hannu na buga su, na manta ban bi su ba. Wannan laifina ne. Amma kada ka yi mini tsawa a gaban mutane, je ka yi wa wanda ya yi ƙarya da sunanka!"

"A sake bugawa."

"Da wace takarda? Tun da aka rufe gadar iyaka ba ta shigowa. Wutar kuran ma sai an ga dama."

Siddo ya kira Cha'ibu a waya, sai ga shi ya zo yana murmushi.

"Haba Siddo, akwai giɓi a babin. Taimaka maka na yi."

"Da ka faɗa mini mana! Yara sun kwana biyu suna zaton su ne ba su da kai."

"In na faɗa maka za ka yarda? Kai da ba a yi maka gyara?"

Siddo ya ɗauki littafin. Ya sake karanta lissafan biyu. Daidai suke, kuma wurin yana bukatarsu. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

"Hasana, bar su," ya ce. "Cire su daga jeri. Sa musu (2.4 a) da (2.4 b) da hannu, sauran su koma yadda suke."

"Wato nawa su zama 'yan rakiya?" in ji Cha'ibu.

"Haka suka shigo."

Cha'ibu ya fice ya bar ƙofa a buɗe.

Hasana ta gyara a ordinata, amma littattafan da aka riga aka raba ba su da magani. Washegari Siddo ya rubuta lambobin a allo, ɗalibai suka bi shafi-shafi suna soke na kuskuren da alƙalamin biki. Darasin ranar gaba ɗaya a nan ya tafi. Cha'ibu kuwa ya nemi a canja masa awowi, har ƙarshen shekara ba su sake haɗuwa a ɗakin malamai ba.