Darakta a Bakin Ƙofa

A gidan magunanmu da ke bayan garin Bishkek akwai ɗakin da muke kira na 'yan zaman dirshan. Nan muke ajiye waɗanda muka fid da rai wani zai ɗauka: makafi, guragu, masu ciwon ƙoda, da waɗanda halinsu kaɗai ya isa ya kori baƙo. Ba sa fita. Sai dai mutum ya zaɓi ɗaya ya ɗauki nauyin cinta da maganinta, ya riƙa leƙowa in ya ga dama. Yawancinsu ba sa ganin damar, hoto kawai suke so a tura musu a waya su nuna wa abokan aiki.

Nurziya apa (apa shi ne inna a wurinmu) ba ta cikin masu son hoton nan. Tsohuwar tela ce da ido ya fara gaza mata, amma duk Asabar sai ta sha dogon zama a ƙaramar bas ta zo mana da dafaffiyar kaza a kwalba. Duk cikin magunan nan kuma ba wadda ta kwanta mata a rai sai Darakta. Darakta makauniya ce, kunnenta ɗaya, ga ciwon zuciya, kuma mun raɗa mata sunan ne don ba ta aikin komai sai faɗa. Ta ciji likita, ta cije ni, ita ma Nurziya apa ta sha haƙori, amma sai ta ce ai gaisuwa ce.

Da sanyi ya fara shigowa, sai ga ta ran Alhamis tare da ɗanta Ermek, direban babbar mota. Za a faɗaɗa titin unguwarsu, gidanta da bishiyar tuffarta duk sun shiga ciki, an ba su wani gidan a hawa na biyar na wani bene can wajen gari. Ta ce aron Darakta ta zo yi, ta buɗe mata sabon gida.

Kowa ya san ba a shiga sabon gida sai mage ta fara taka ciki. Daga maƙwabtanmu Rashawa muka gaji abin, har mun manta ba namu ba ne. Kowa kuma ya san dalilin, ko da ba a faɗa a gaban yara: wai wanda ya fara tsallaka dokin ƙofa shi zai fara barin duniya a mutanen gidan, shi ya sa ake tura mage ta kwashe.

Na ce a'a, kuma ban sa sukari a maganar ba. Na ce nan ba shagon haya ba ne, kuma rabon Darakta da shiga mota tun ranar da ta suma a hanyar asibiti. Nurziya apa ba ta yi musu ba. Ta ajiye kwalbar kazar ta nufi ɗakin magunan.

Ermek ne ya ja ni gefe. Ƙaton mutum, amma ya yi ƙasa da murya. Ya ce an ɗaure kaya tun makon jiya, uwarsa na zaune a kan ƙullin barguna ta ƙi motsi, ga masu rusau za su iso ran Litinin. Ta daina cin abinci sosai, kullum maganarta ita ce gidan sama kabarinta ne. Da ya ce mata zai kamo mata mage a titi, sai ta ce baƙuwa ba za ta buɗe mata gida ba.

"Damira, don Allah," in ji shi. "In wannan ba ta shiga ba, wallahi Apa ba za ta shiga ba. Ni kuma ba zan iya ɗaukar uwata kamar buhu ba."

Na ji haushinsa, na ji haushin tsohuwar, na fi jin haushin kaina, don na san na riga na yarda. Na kafa sharaɗi: ni zan riƙe kwandon, kuma ana gamawa za mu juyo.

Ran Lahadi muka tafi a motar haya. Lif ɗin sabon benen bai fara aiki ba, kamar yadda aka saba, muka hau da ƙafa Nurziya apa na tsayawa tana haki. A bakin ƙofa matar Ermek na riƙe da gurasa da gishiri, yara sun yi cirko-cirko, ba wanda ya yarda ko yatsan ƙafarsa ya wuce. Ermek ya buɗe ƙofa. Ɗakin fayau, sai warin sabon fenti.

Nurziya apa ta ciro Darakta daga kwandon da kanta. Na jira in ji ihun cizo, ban ji ba. Magen nan da ta addabi gida guda sai ga ta tana karkarwa, ta cusa kai a hammatar tsohuwar ta yi lamo. Tsohuwar ta sunkuya za ta ajiye ta a dokin ƙofa, sai ta tsaya a sunkuyen, tafin hannunta a ƙirjin magen. Na san abin da take ji, don na sha jin zuciyar nan tana bugawa kamar keken ɗinki.

Ermek ya ce ta sake ta mana, ai da ta ji ƙasa za ta shige.

Ta miƙe a hankali, da magen a ƙirjinta.

"Kai, ji mana," ta ce masa. "Duk kazar da nake dafa mata, ashe kiwonta nake yi don ta mutu a madadina?"

"Apa, al'ada ce kawai. Ba wanda ya ce gaskiya ne."

"In ba gaskiya ba ne, me ya hana ka shiga?"

Ya dubi ƙafafunsa. Na ji dariya ta taso min, amma tsoro ya fi ta ƙarfi. Na ɗauka shi ke nan, za ta juya ta sauka ta koma kan bargunanta ta jira masu rusau.

Ta juya ɗin kuwa. Ta ba ƙofar baya, ta fuskance mu, ta gyara riƙon magen. Sai ta yi bisimilla, ta ɗaga ƙafa ta taka da baya. Dugaduganta suka shiga, bayanta ya shiga, sannan Darakta ta bi a ƙarshe, a rungume.

Matar Ermek ta toshe baki da hannu. Ni kam hawaye ne suka zubo min, ban ɓoye ba.

Nurziya apa ta tsaya a tsakar ɗakin tana dube-dube, kamar mai neman abin kushewa. Ta je taga ta daɗe tana kallon duwatsu da farar ƙanƙara a kansu, ta ce daga tsohon gidan ba a hango su haka.

"To, na riga kowa, magana ta ƙare," ta ce. "Ku shigo min da jikokina, kuna tsaye kamar baƙi. A ɗora shayi. Ke kuma Damira, 'yata, ki mai da min ita gida kafin sanyi ya kama ta, ki ce wa direban ya tafi a hankali. Sai na zo ran Asabar."