Yankin da Aka Ce Kar a Taɓa

Tsoho U Pe Thaung na tsaye a bakin gona yana kallon Malama Thinzar, ma'aikaciyar tashar binciken noma, tana rataya buhu na huɗu a sikeli. Tabarsa ta mutu a baki, bai sake kunna ta ba.

"Sake aunawa," in ji mutumin inshora, wani siriri da ya zo daga birni da takalmin da bai san laka ba.

Ta sake. Allurar ta koma inda ta tsaya da fari.

Shekara uku ke nan tashar binciken noma tana aron gefen gonar tsohon. Da an yanke shinkafa, tun ƙasa na da sauran danshi, sai a shuka gyaɗar sanyi a yanki huɗu da aka kafa wa turakun gora. Ɗaya sabon iri, ɗaya farin garin takin da tasha ke kawowa, ɗaya duka biyun. Na huɗu kuwa ba a ba shi komai, don da shi ake gane ko sauran sun yi amfani. Kamfanin inshora shinkafa kaɗai ya sani, ya ce ba zai karɓi gyaɗar sanyi ba sai ya ga awon shekara uku. Mutanen ƙauyen ba su manta shekarar da ruwa ya sauko a watan da ba nasa ba, gyaɗa ta ruɓe a ƙasa, aka yi ta cin miya ba ɗigon mai. Gida sittin ke jiran wannan sikelin.

Ga shi yau yankin da ba a ba komai ya fi kowanne nauyi.

"Kawu," in ji Thinzar a hankali, "akwai abin da ya sami wannan yankin?"

"Me zai same shi? Ƙasa ce mai albarka. Tun kakana."

"Albarkar ta tsallake yanki uku ta zauna a ɗaya?"

Ta durƙusa ta tona gindin turke da yatsa, ta ɗebo ƙasa baƙa ƙirin, ta shinshina. Daidai nan Daw Khin Pu, matar tsohon, ta iso da butar shayi da kwanon kwaɗon ganyen shayi.

"'Yata, daina wahalar da hancinki," ta ce. "Kashin shanunmu ne. Kwando tara. Ni na riƙe masa ƙofar garke."

"Ke wa ya tambaye ki?"

"Ba wanda ya tambaye ni ranar da na ce kar ka zuba ma."

Gaskiyar magana, shekaru biyun farko tsohon ya daure, don ƙuri'ar da ake jefawa wajen raba yankuna ta kai na huɗun can baya wajen rafi, inda ba mai gani. Bana sai ta kawo shi bakin hanya, inda sufayen gidan ibadar ƙauyen ke wucewa kowace safiya, mata na tare su da shinkafar sadaka. Ganye ya yi rawaya, ya tsumbure. Mutumin da ya shekara hamsin ana kawo yara su ga yadda yake jan layin shuka, shi ne aka fara yi wa sannu. Ranar da babban sufi da kansa ya tsaya ya tambaya ko ciwon ƙafar U Pe Thaung ne ya tashi, ranar ya ɗauki kwando.

"Kunya ce, Malama," ya ce yana kallon yatsun ƙafarsa. "Gona ta yi ta kuka a gaban mutane, mai ita na tsaye?"

Mutumin inshora ya rufe littafinsa. "To wannan awon ya tashi a banza. Sai baɗi."

"Tsaya," in ji Thinzar. "A gona biyu muka yi gwaji a ƙauyen nan. In ɗaya ta fita da tsabta, hukumarku ta ce ta isa. Saura ta Ko Nyi Lay."

Daw Khin Pu ta ajiye buta ta riƙe ciki don dariya. Ko Nyi Lay mijin 'yarsu ne. Shekara takwas tsohon na kiransa mai barcin rana, yana cewa da a ce ciyawa na ba da mai da yaron ya yi arziki.

Suka bi ta kan shatar gonaki a jere, tsohon a gaba, ya tattare zanensa irin na mazan ƙauyen har gwiwa. Suka tarar da surukin kwance a ragar lilo ƙarƙashin itacen tsamiya, rediyo a ƙirji. Yana hango wanda ke gaba ya zabura, har rediyon ta faɗi.

"Kai," in ji U Pe Thaung, "yankin nan na huɗu. Ka zuba masa taki?"

Ko Nyi Lay ya dubi fuskar tsohon. Ya san wannan tambayar, shekara takwas ana yi masa ita, kuma ya san amsar da ke ceton mutum.

"Na zuba, Baba! Sosai ma. Kwando biyar."

Thinzar ta dafe goshi. Mutumin inshora ya fara neman hanyar komawa mota.

"Ka zuba?"

"Shida ma, in na tuna daidai. Har da toka."

"Yaro, dube ni. Ba faɗa zan yi ba. Faɗi gaskiya."

"Haka kuka ce bara, Baba, da maganar famfo."

Sai ga Mi Cho, 'yar tsohon, ta leƙo daga ɗakin girki da ludayi a hannu. "Wane taki? Baba, ni da mutumin nan ko saniya ba mu da ita. Tun ranar da ma'aikatan Malama suka shuka suka tafi, abin da takarda ta ce kaɗai yake yi, shi ma sai na karanta masa sau biyu. Yankin nan kuwa cewa ya yi ai gwamnati ce ta hana shi taɓawa, kuma shi mai bin doka ne."

Suka je gonar. Yanki uku sun yi kore shar. Na huɗu ya yi rawaya, ya ƙanjame, abin tausayi. Thinzar ta tona, ta shinshina, ta sake tonawa a wani gefen. Sannan ta miƙe tana murmushi kamar an ba ta kyautar zinariya.

"Ban taɓa ganin yanki mai kyau irin wannan ba," ta ce.

Aka tuge, aka auna. Mutumin inshora ya buɗe littafinsa ya yi rubutu mai tsawo, ya ce zai kai wa manyansa, amma shi dai bai ga abin da zai hana ba.

U Pe Thaung ya daɗe yana kallon gyaɗar nan da ko akuya za ta raina. Surukin na gefe yana jiran saukar faɗa, kafaɗa a ɗage. Tsohon ya yi gyaran murya sau biyu.

"Ka yi aiki," ya ce.

"Ni, Baba?"

"Kar ka sa in maimaita."

Ko Nyi Lay ya sosa ƙeya. "To Baba, in kuna so, baɗi sai in riƙa zuwa ina nuna muku yadda ake yi."