Batir Cikin Tsohon Buhu

Idan aka yabi mutum a kan abin da ba shi ya yi ba, ya ji da kunnensa, ya yi shiru, ya yi ƙarya ko bai yi ba? Na tambayi waɗanda suka fi ni karatu, kowa da inda ya dosa, ni kuwa har yau ban tsaya a kan amsa ba. Namadi maɗori na Kebbe shi ya tsaya tun yana saurayi. Ƙarya ce, in ji shi, sai dai ba a motsa leɓe wajen yin ta ba.

Ɗori gadonsa ne. Ranar da mahaifinsa Ɗangiwa ya damƙa masa aikin, sharaɗi ɗaya ya gindaya masa: ƙashin da ka ɗora, kai za ka bi shi har ya kama, ko a ina yake. Shekaru yana cika wannan a kan babur, har daminar bara da wasu masu bindiga suka tare shi a hanyar Fakku, suka sauke shi, suka bar masa jakar kayan ɗorinsa kawai. Ya koma kan tsohon kekensa. Keken bai tsufa kamar gwiwoyinsa ba. Duk ranar da ya yi nisa, washegari a zaune yake salla.

Mutanen ƙauyuka ba sa ganin wannan. Abin da suke gani dattijo ne mai furfura yana keta rairayi a kan keke, sai suka fara cewa ba ɗori kaɗai Ɗangiwa ya bar masa ba, har da wani asiri a ƙafa. Namadi ya tsani maganar. Duk wanda ya faɗe ta a gabansa, sai ya taka birki, ya sauka, ya ɗage ƙafar wando ya nuna masa kumburin gwiwa.

Ranar kasuwar Tambuwal ya sa aka ɗaure keken a saman bas. Ya ji labarin Lauwali, mai gyaran kekuna a bayan tasha, wanda ke sa wa keke inji mai aiki da batir, ba ruwansa da fetur. Lauwali ya kife keken, ya juya taya, ya ƙwanƙwasa jikinsa da sifana.

"Wanga ƙarfen da ne, Baba. Zai ɗauki ko wane. Iri biyu gare ni."

Ya jawo kwalin farko. Wilin baya ne gaba ɗaya, da inji a tsakiyarsa mai faɗin faranti, da batir kamar akwatin rediyo wanda za a ɗaure a kan kariya, da fitila, da oda, da totur irin na babur.

"Wanga murɗawa kawai za ka yi, ka ɗora ƙafa ka huta. Rairayi bai tsai da shi."

Na biyun wilin gaba ne. Injinsa bai wuce dunƙulen hannu ba, batirinsa siriri kamar gorar ruwa, a maƙale a ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi. Ba shi da totur.

"Shi sai kana taka feda shika taimaka maka, kamar wani na tura ka ta baya. Ka daina, shi daina. Zai kai ka bayan Fakku ka dawo, amma inda rairayi ya yi zurfi sai ka sauka ka tura." Lauwali ya sassauta murya. "Ni dai shi nika ba mutanen wajenku. Ka naɗe batirin da tsohon buhu, ka bar laka ta rufe injin. Wallahi ba mai sani. Sai dai a ce Baba Namadi ƙarfi gare shi."

Namadi yana riƙe da ƙaramin injin, yana jujjuya shi, har ya fara kwanta masa a rai. Sai ya ajiye shi a kan benci, ya goge tafin hannunsa a riga.

"Sa mini babban."

"Baba, hanyarku fa."

"Na san hanyarmu, a kanta anka sauke ni. Sa babban. Kowa ya gan shi ya san inji ne ke tafiya, ba Namadi ba."

A gida, matarsa Sauda ta kewaye keken sau ɗaya, hannuwanta a baya.

"Malam, babur ka sawo."

"Keke ne."

"To ka rubuta a jikinsa, don masu tare hanya su karanta."

Bai iya ɓoye mata ba, ya gaya mata akwai ƙarami, ya gaya mata abin da Lauwali ya ce. Ta zauna a kan turmi tana dubansa.

"Ka karɓo ƙaramin mana. Wanda ya tambaye ka, ka faɗa mai gaskiya. Ina ƙaryar take?"

"In na faɗa wa mutum guda a Fakku da hantsi, kafin la'asar daji duka ya ji. To mi buhun ya rufe? Abin ga bai ɓoyuwa rabi, Sauda. Ko in bar shi a fili, ko in ɓoye wa kowa, har wanda zai ce aljanu ke tura ni in yi mai shiru."

"Aljanu dai ba su taɓa sauke ka a hanya ba."

"Wanda ya yarda ina da asiri a ƙafa, gobe zai yarda ina da shi a hannu. Ranar da ƙashinsa ya kama, sunana zai fara zo mai a baki kafin na Allah."

"Kai kana tsaron imanin mutane, ni ina tsaron mijina," in ji Sauda, ta miƙe ta nufi murhu. "Kowa da aikinsa."

Ba a yi mako ba kira ya zo. Bube ne, wani manomi a wata 'yar unguwa bayan Fakku. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Goggo, ta zame a bakin rijiya, ƙashin ƙaurinta ya karye.

Namadi ya murɗa totur, keken ya ɗauke shi. An fara girbin gero, dawa tana tsaye a gefen hanya ta fi mutum tsawo. Ya wuce wuraren da ya saba sauka ya tura, ya wuce tsamiyar da yake zama a gindinta ya murza gwiwa. Ya kama kansa yana murmushi shi kaɗai. Da ya hango rufin bukkokin unguwar, ya danna oda don sallama.

Matan da ke ɗaure dammunan gero a bakin gona suka zubar, suka faɗa cikin dawa. Wata ta suri jaririnta ta bar zanin goyo a ƙasa. Ya tsaya a tsakiyar fili ba kowa, sai kaji. An ɗan jima kafin Bube ya leƙo ta saman danga.

Goggo tana kwance a kan tabarma, gumi a goshinta, bakinta bai karye ba.

"Ashe ɗan Ɗangiwa ne. Na ji gudu, na ce to ga su nan sun iso, ni ko ba ƙafa. Har na yi kalmar shahada."

"Ba ta ɓaci ba, Goggo, tana nan ajiye."

"Ubanka da jaki shika zuwa, ba mu taɓa gudunsa ba."

Ya durƙusa da ƙyar, ya bi ƙaurin da yatsu har ya ji inda ƙashin ya rabu. Ya sa Bube ya riƙe gwiwar. Ya yi bisimilla, ya ja. Goggo ta cije bakin mayafinta, ba ta yi ƙara ba. Ya shafa man shanu, ya jera karan dawa a kewaye, ya ɗaure.

"Ba mai taɓa ɗaurin ga sai ni," ya ce. "Kumburi zai sauka, ɗaurin ya saki. In ba a sake shi daidai ba, ƙashin zai kama a karkace, kuma a shekarunta ba a karya shi a gyara. Ranar Alhamis ina nan."

Da ya fito bai ga keken inda ya bar shi ba. Bube ya ja shi bayan rumbu ya rufe da zana. Ya raka Namadi har bakin hanya yana kallon ƙasa.

"Malam Namadi, kar ka ji haushi. Mu nan ko rediyo ba mu ɗaga wa murya. Wanda ya ga abin ga a ƙofar gidana ba zai ce na maɗori ne ba, zai ce Bube ya samu. Kai Kebbe za ka koma. Mu nan muke kwana."

"Keke ne, Bube."

"Ni na sani. Su za ka gaya wa."

Ranar Talata waya ta yi ƙara. Bube ya daɗe yana gaisuwa kafin ya zo kan magana.

"Mun yi shawara da mutanen unguwa. Kar ka wahala ranar Alhamis. Zan sake ɗaurin da kaina, na ga yadda ka yi."

"Ka ga hannu, ba ka ga abin da hannun ke ji ba. Za ka gurgunta ta."

"To sai dai haƙuri, Malam. Ba ni kaɗai ke da bakin magana ba."

Namadi ya je tasha. 'Yan acaɓa biyu da ya yi wa magana suka girgiza kai, sun daina wuce Fakku. Ya yi tunanin cire injin ya koma yadda yake da, sai ya tuna yadda ya tashi daga gaban tabarmar Goggo, sai da Bube ya kama shi ta hammata. Ko ya isa a haka, ba zai iya durƙusawa ya riƙe ƙashi daidai ba.

Ya zauna a gindin darbejiyar ƙofar gidansa daga azahar har inuwa ta juya. Ya sake bin maganar daga farko, yana neman inda ya yi kuskure a hukuncinsa, ya ƙi samu. Shirun da ke barin mutum cikin ruɗu ƙarya ne, jiya da yau. Ya nemi fassarar da za ta sauƙaƙa masa, ya sami biyu ko uku, ya san da wani ne ya kawo masa su da bai karɓa ba. Abin da ya rage a gabansa ƙaurin tsohuwa ne, da karan dawa da suka fara saki.

Ya shiga gida.

"Sauda, akwai tsohon buhu?"

Ta ɗago daga tsintar shinkafa. Ta dube shi sosai.

"Na taki ko na gero?"

"Wanda ya fi lalacewa."

Laraba da safe yana rumfar Lauwali. Saurayin ya buɗe baki yana murmushi.

"Baba, ai na ce..."

"Ba ka ce komai ba. Kwance."

Lauwali ya cire babban wili, ya mayar da tsohon, ya sa ƙaramin injin a gaba, ya bi da wayoyi ta ƙarƙashin ƙarfe. Da ya ɗauki buhun zai naɗe batirin, Namadi ya karɓe. Shi ya naɗe da hannunsa, ya ɗaure da tsumma, ɗauri mai kyau wanda ba zai saki ba. Ya ɗebo laka a bakin kwata ya shafe injin. Sannan ya ciro waya.

"Bube, gobe ina tafe. Kar a taɓa ɗaurin."

"Malam, mun yi maganar injin nan..."

"Wanda ka gani na maida shi Tambuwal. Tsohon kekena za ka gani, ina taka feda."

Babu kalma ɗaya a ciki da ba gaskiya ba. Ya tsaya da wayar a hannu kamar wanda ya tauna maɗaci.

Ranar Alhamis ya fita bayan ya karya kumallo, jakar ɗori a kan kariya. Yana taka feda a hankali, keken yana tafiya fiye da takunsa. Gwiwar tana magana, amma ƙasa-ƙasa. Inda rairayi ya yi zurfi ya sauka ya tura, ya sake hawa. Bayan Fakku akwai ɗan hawa mai tsawo, a samansa wasu magirba suna hutawa a inuwa, dammunan gero jingine kusa da su. Suka bi shi da ido yana haurowa, bai tashi daga sirdi ba, bai yi haki ba.

"Kun gani ko?" in ji wani dattijo a cikinsu, da ƙarfi don ya ji. "Na gaya muku Ɗangiwa bai bar shi haka nan ba. Sannu, Namadi, mai ƙafar gado."

Yatsun Namadi suka kai kan birki da kansu, har keken ya ɗan rage gudu. Mutanen suka gyara zama, sun san abin da ya saba yi.

Ya saki birkin. Ya ɗaga musu hannu, ya ci gaba da taka feda.